Wai Allah yana gajiya da mai maimaita zunubi?

Mai Duban Ƙofa: Salama 'yan'uwa. Abin nan ya ishe ni. Mutum ya sha giya ya lakaɗa wa matarsa duka, a sa masa horon wata 3, ya zauna bencin baya, a hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da masu bi ke karɓa don tunawa da mutuwar Yesu. Ya fito gaban ikilisiya da hawaye, a maido shi. Kafin girbi ya koma ruwa. Dattawa su daina maido da irin waɗannan, ai Allah ma yana gajiya.

Malamin Makarantar Lahadi: Ɗan'uwa, janye wannan kalma. Ishaya 40:28 ta ce Mahaliccin duniya ba ya gajiya, ba ya kasala. Kai ne ka gaji.

Dattijo: Malam, ka tsaya a sura 40 ka rufe littafi. Buɗe 43:24, Allah da kansa ya ce Isra'ila sun gajiyar da shi da laifofinsu. Malakai 2:17 ma haka take. Yaron bai yi saɓo ba.

Malamin Makarantar Lahadi: Baba, kai ma ka tsaya a aya 24. Ta 25 fa? Nan take ya ce shi ne mai shafe laifofinsu saboda kansa, ba zai ƙara tunawa da su ba. Wanda ƙarfinsa ya ƙare ba ya magana haka. Gajiyar can ɓacin rai ce. Kuma Bitrus ya yi tayin yafe wa ɗan'uwa sau 7, Yesu ya ce bakwai har sau saba'in, Matiyu 18:22.

Dattijo: To itacen ɓaure na Luka 13? Shekara 3 babu 'ya'ya, mai kula da lambun ya roƙi ƙarin shekara guda, zai yi masa kaftu ya zuba taki, in bai haifa ba a sare. Wa'adi ke nan. Romawa 2:4 ta ce haƙurin Allah domin ya kai mutum ga tuba ne.

Mama Zumunta: Ku maza kuna ta jan gajiya, matar da ake duka fa? Gafara daban, maido da mutum kan aikin ikilisiya daban. Inda ake kuskure shi ne ƙirga watanni a maimakon duba hali. A raba su tukuna, ta koma wurin danginta. A haɗa shi da dattijo guda da zai riƙa zuwa gidansa kowane mako. A tambaye ta ita kaɗai, ba a gabansa ba, don a gabansa cewa za ta yi komai lafiya.

Katikis: Shi ya sa a Katolika hawaye ba ya isa. Sai mutum ya bincika zuciyarsa, ya yi nadama, ya ƙudurta dainawa, ya furta wa Fada, wato limamin Katolika, ya cika aikin tuban da aka ba shi. In babu niyyar dainawa, Fada na iya jinkirta kwance masa zunubin.

Dattijo: Wa ya gayyato Fada? Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, Yesu, 1 Timoti 2:5.

Katikis: Baba, Yahaya 20:23, inda Yesu ya ce wa almajiransa duk wanda suka gafarta wa zunubi an gafarta masa, tana cikin naku littafin ma. Ku da kuke tsayar da mutum gaban jama'a a kunyata shi, ina kuka bar matakai biyun farko na Matiyu 18:15-16? Da fari kai da shi kaɗai, sannan da mutum ɗaya ko biyu. Ikilisiya ta uku ce.

Ɗan Kwaya: Ku bar zagaye-zagaye. In mai ba ikilisiya baiko mai kauri ne, wata guda an gama. Talaka ne ke tsufa a bencin baya.

Dattijo: Yaro, kawo shaida ko ka goge.

Ɗan Kwaya: Kowa ya sani, Baba.

Mai Duban Ƙofa: Ni dai ban ga wanda ya amsa mini ba.

Shugaban Zaure: Na rufe nan. Abin da ya fito fili shi ne Allah ba ya gajiya, kamar yadda Malam ya nuna da ayoyi, sauran kuwa ba su kawo abin da ya ture shi ba. 2 Korintiyawa 2:7 ma ta ce a yafe wa wanda aka hora don kada baƙin ciki ya haɗiye shi, saboda haka masu maidowa suna kan daidai. Zancen Fada ba na wannan zaure ba ne. Mama, batun matar a kai shi taron Zumuntar Mata. Ɗan Kwaya, na goge saƙonka na gaba.