Ina son fito da garin kunun gyaɗa na leda, ta ina zan fara?

Maman Biyu:
Slm 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Shekara 4 kenan ina yin yajin daddawa da na tafarnuwa ina sayarwa a nan Kano, Alhamdulillah kwastomomi suna nan, har Kaduna ake tura min oda. To yanzu ina so in ƙara sabon kaya, garin kunun gyaɗa wanda kawai za a dama da ruwan zafi a sha, na gwada a gida yara da ƙawayena duk sun ce ya yi daɗi sosai. Maigida ya ce in sayi injin niƙa nawa in buga leda mai suna guda dubu 10 tunda da yawa ya fi sauƙi, ni kuma gabana faɗuwa yake don kuɗin adashe na ne gaba ɗaya zan zuba. Waɗanda suka taɓa fito da sabon kaya ya kuka tsara abin?

Ɗan Singa:
Wslm Hajiya. Ni shago gare ni a kasuwar Singa kuma wallahi na ga irin wannan ba sau ɗaya ba, mutum ya zo da kaya a kwali mai kyau leda tana sheƙi, mu karɓa mu ajiye, wata biyu ko tambaya babu, ƙarshe ya zo ya kwashe abinsa. Yabon ƙawaye ba ciniki ba ne, kyauta kika ba su, wa zai ci kyauta ya ce babu daɗi? Ki yi kwano 5 kawai, ki kai niƙa inda kika saba, ki zuba a farar leda ki manna sitika, ki sayar wa mutanen da suke sayen yajinki da kuɗinsu ba ɗanɗano ba. Sai ki rubuta a littafi wa ya saya, wa kuma ya dawo ya sake saya, wannan na biyun shi za ki sa wa ido. Kuma ki yi girma biyu, babba da ɗan ƙarami. Ki tuna madarar Cowbell, da suka shigo Najeriya a 1993 manyan gwangwanaye ne a kasuwa, su kuma suka bi talaka da 'yar ƙaramar leda ta shayi ɗaya, yau wane kamfanin madara ne ba ya yin ta?

Anti Mai Lab:
Ƙanwata abin da ba a faɗa miki ba shi ne gyaɗa mai gare ta, kuma mai yana juyawa. Garin da ya yi daɗi yau bayan sati 6 a shago cikin zafin Afrilu zai iya fara maƙaƙi da wani irin wari, balle damina in danshi ya shiga. Ki ware leda kamar 10 daga bugun farko ki rubuta kwanan wata, duk sati ki buɗe ɗaya ki dama ki sha, da haka za ki san iya kwanakin da za ki rubuta a jiki ba cinta ba. Sannan gyaɗar da ta yi funfuna tana ɗauke da guba da ake kira afulatokzin mai illa ga hanta, kuma suya ba ta kawar da ita, don haka in kin je Dawanau kar arha ta ruɗe ki, ki tsince ruɓaɓɓu da hannu. Maganar buga leda dubu 10 kuwa ki dakata, sai kin yi rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, sannan NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, su zo su ga wurin da kike aikin su gwada samfur su ba ki lamba, in kin riga kin buga ina za ki sa lambar?

Abban Walid:
Ni dai ban yarda a yi ta gwaji har abada ba, kina jan ƙafa wata za ta riga ki, garin kunu ba sirri ba ne kowace mace ta iya. Kuma gwajin ma yana yaudara, Coca-Cola a 1985 sun ɗanɗana wa mutane kusan 200,000 sabon haɗi aka ce ya fi daɗi, suna fitarwa Amurkawa suka yi musu caa, ba a cika wata 3 ba suka dawo da tsohon. Ki sa wa kanki lokaci, kuma ki auna azumi, lokacin ne kowane gida ake neman kunu.

Ɗan Singa:
Alhaji ai misalinka ni ya goya wa baya, kurɓa ɗaya aka ba su kyauta, ba saya suka yi suka kai gida ba. Amma maganar azumi gaskiya ne, sai dai cinikin azumi ma kar ta yi lissafin shekara da shi, bayan sallah za ta ga ainihin kasuwar.

Maman Biyu:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri. Injin dai na fasa tukuna, na liƙe leda kawai zan saya. Anti in na sa madarar gari a ciki zai rage kwanakin ne ko in bar mutane su zuba tasu?