Batutuwa uku, zaman majalisa ɗaya

An yi wata tattaunawa kan yadda ɗan majalisa zai tunkari minista da batutuwa uku a zama ɗaya. Yawancin waɗanda suka tattauna sun ce kada ɗan majalisa ya cusa ranakun hutu, ɗaukar sojoji da inshorar gidaje cikin jawabi ɗaya. Minista zai zaɓi mai sauƙi ya amsa, sauran su bi ruwa.

Batun sojoji, in ji su, a miƙa shi a rubuce: mutum nawa suka nema, nawa aka ɗauka, nawa suka ajiye kaki kafin wa'adinsu? Ba wanda ke yawo da irin waɗannan alƙaluma a ka.

Inshora ce ta fi cin lokaci. Mazauna wuraren da ambaliya ta saba yi wa ɓarna sukan ga kuɗin ya yi tashin gwauron zabo, ko kamfani ya ƙi su baki ɗaya. Wani ya kawo misalin Birtaniya, inda aka fara wani shirin inshorar ambaliya mai suna Flood Re a 2016 don rage musu nauyi. Shawara dai a kai maganar kwamiti, a kira kamfanonin da masu gidajen.

Ƙarin hutu kowa na so, amma ina tare da wanda ya tambaya: wa zai biya mai aikin yini kuɗin ranar?