Tikitin kasuwa da kwatar da ta toshe

Mai Albasa: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake. Kullum da sassafe a nan Garwa yaron meri, wato ofishin ƙaramar hukuma, zai zo ya yago mini tikiti, ko na yi ciniki ko ban yi ba sai na biya. Amma kwatar gaban rumfata wata uku tana toshe, leda da ɓawon albasa sun cika ta maƙil. Ruwan daren jiya ya shigo ya jiƙa mini buhu huɗu. Na je ofis, aka ce wai babu kuɗi a kasafin bana. To kuɗin fentin shataletale da na sabuwar mota daga sama suka faɗo? An mai da mu baƙi a garinmu.

Hajiya Mai Atamfa: Allah ya mayar da alheri. Mu ma famfon unguwarmu tun azumi ya mutu.

Ɗan Fulɓere: Alhaji, jaje. Amma wane ne baƙo? Faɗi mu ji.

Mai Albasa: Misali na yi, ɗana.

Ɗan Fulɓere: A'a, irin wannan misalin mun san inda yake dosa. Duk lokacin da Bahaushe ya ce baƙo, da mu yake.

Malamin Makaranta: Ku tsaya. Dokar Kamaru ta 2019 ta ce a riƙa ware wa ƙananan hukumomi aƙalla kashi 15 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnati. Abin tambaya shi ne nawa ke isowa Garwa daga Yawunde, kuma a wane wata. Ga FEICOM, hukumar asusun ƙananan hukumomi, tun 1974 tana nan don tallafa wa meri. Wannan ya kamata mu tattauna.

Ɗan Hausare: Malam, dokar nan taka ita ce ta ce magajin babban birni dole ya zama ɗan asalin yankin. To kakana a unguwar Hausare aka yanke masa cibiya, yana fataucin goro tun Bature bai gama zama ba. Ni ɗan asali ne ko baƙo?

Ɗan Fulɓere: Wa ya kafa garin? Je ka tambaya a fadar Lamiɗo.

Ɗan Hausare: Kafin ku zo babu mutane a bakin Binuwai ke nan? Falawa da Batawa fa?

Hajiya Mai Atamfa: Famfo nake magana, jama'a.

Direba: Ni dai na san litar fetur tana sefa 630, a 2023 ta koma 730, a 2024 ta kai 840. Zuwa-zuwa ma, fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage, da muke dogara da shi, tun da Tinubu ya cire tallafi ya daina araha. Motar kwasar shara ba ruwa take sha ba. A yi wa meri uzuri.

Mai Albasa: Motar mai gida kuma kunun gyaɗa take sha?

Ɗan Hausare: Ƙyale Direba, Alhaji. Surukinsa kansila ne, kowa ya sani. Ranar zaɓen 2020 shi ya yi jigilar atamfar jam'iyya.

Direba: Ka fara biyana dubu biyar na kayan da na ɗauko maka daga Pitowa, sannan ka kama sunan surukina.

Ɗan Hausare: Dubu uku ne, kuma buhu ɗaya ya iso a yage.

Direba: Ƙarya kake, wallahi.

Malamin Makaranta: Akwai wanda ya taɓa halartar zaman kasafin kuɗi a meri? Ba a rufe ake yinsa ba.

Ɗan Fulɓere: Malam, kai ma daga Marwa aka turo ka, bar mu da namu.

Malamin Makaranta: To, ni ne baƙon ashe.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Na karanta komai. Abin da aka tsayar: tsadar mai ce ta hana gyaran kwata, kamar yadda ƙanena Direba ya kawo da hujja da lissafi, kuma babu wanda ya musa. Maganar mota ji-ta-ji-ta ce, ba a turo hoto ba. Alhaji Mai Albasa ya janye kalmar baƙi, ya kuma daina zuba ɓawo a kwata. Ɗan Hausare na cire shi har sai ya biya dubu biyar.

Hajiya Mai Atamfa: Famfon fa, ranka ya daɗe?

Shugaban Zaure: Na rufe saƙo sai bayan Isha.