"Suna linzami ne": me ake nufi da shi?

Malam Na-Zaure: Jama'a, na ga ana yawan kawo wannan karin magana a matsayin hujjar cewa suna yana gina halin mutum. A nawa sanin, asalinta kira ne. Ka ambaci sunan mutum a tsakiyar kasuwa, sai ya waiwayo ko bai yi niyya ba, kamar dokin da aka ja wa kamazuru. Linzami ƙarfe ne a bakin doki, juya kansa yake yi, ba ya mayar da doki mai tutsu ya zama mai lafiya.

Inna Mai Koko: Malam, ai wanda ake juyawa kullum gefe ɗaya, can zai saba bi. Dubi masu suna Aliyu. Tun yana goye ake masa kirari da Gadanga, Haidar, Zaki. In ya yi faɗa a ce "ai Ali ne", ba a kwaɓe shi kamar sauran. Shekara goma ana haka, ta yaya ba zai taso da zafin zuciya ba? Haka yaron da aka sa wa sunan kakansa: saboda alkunya ana kiransa Abba ko Baba, uwar ma nauyin tsawata masa take ji. Wani ya taso da dattako, wani kuwa ya sangarce.

Ɗan Tsangaya: Inna tana da madogara. A Bukhari, Annabi (SAW) ya tambayi kakan Sa'idu bin Musayyib sunansa, ya ce Haznu, wato mai tsauri. Ya ce masa kai Sahlu ne, mai sauƙi. Mutumin ya ƙi sauya sunan da mahaifinsa ya raɗa masa, kuma Sa'idu ya ce tsaurin bai rabu da gidansu ba. An kuma mayar da Barra ta koma Zainab.

Malam Na-Zaure: Na karɓa, Allah ya ƙara sani. Amma a raba sunan yanka da laƙabi. Na yanka shi ake raɗawa ranar bakwai, a yanka rago, wanzami ya yi aski. Sau da yawa ba shi ke bin mutum ba. Sunan rana kamar Ɗanladi, Talatu ko Jummai labarin haihuwa kawai yake bayarwa, haka Gambo mai bin tagwaye, da Tanko da ya zo bayan mata.

Inna Mai Koko: To a laƙabin ɓarnar take. Talle, wanda ya rasa mahaifi ko mahaifiya yana ƙarami, duk kiran da aka yi masa an tuna masa maraicinsa. Ajuji kuwa, da ake sa wa ɗan wabi don a nuna kamar ba a damu da shi ba ko ya rayu, yana girma yara su mayar da abin tsokana. Iyaye su daina kiran irin waɗannan kafin a kai yaro makaranta, domin da zarar malami ya rubuta a rajista, shi zai bi shi har takardar jarrabawa da katin ɗan ƙasa, gyara kuma sai da takardar rantsuwa daga kotu.

Ɗan Tsangaya: Tambayata gare ka Malam: in za a yi wa mai suna Aminu faɗa don ya ci amana, a ce "ka ci sunanka mana, suna linzami ne", an yi amfani da ita daidai?

Malam Na-Zaure: An yi, domin da sunan ake jawo shi ya dawo hanya. Inda ban yarda ba shi ne a hana mutum aure ko aiki don wai masu sunansa duk masu taurin kai ne.