Me ake fara daidaitawa kafin a gina sabuwar tashar lantarki ta kwal, kuma wa ke ba da kuɗin a yau?

Habibu:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske daga masana harkar makamashi da ke wannan zaure. Ana yawan cewa duk ƙasar da Allah ya hore wa kwal ba ta da dalilin zama cikin duhu, amma sau da yawa sai a sanar da sabuwar tasha, a yi bikin aza harsashi, shekaru su shuɗe ba a samar da wuta ba. Waɗanne matakai ake bi tun daga tsari har zuwa kunna injina, kuma ina ake samun kuɗin, tunda na ji an ce manyan bankuna sun janye hannunsu?

Injiniya Rabi'u:
Wa alaikumus salam, Malam Habibu. Samun kwal a ƙasa shi ne mafi sauƙin ɓangaren aikin. Tashar da ke samar da megawat 1,000 tana ƙona kimanin tan miliyan 3 a shekara, ko fiye idan kwal ɗin mai rauni ne, kuma ana gina ta ne domin ta yi aiki shekara 30 zuwa 40. Saboda haka dole ne a fara da haƙa ramukan gwaji, a tabbatar da yawan abin da ke kwance, a kuma auna ƙarfin zafinsa da yawan toka da sinadarin sulfa da ke cikinsa, domin tukunyar tururi ana ƙera ta ne daidai da irin kwal ɗin da za ta ci.

Bayan haka sai zaɓen wuri, wanda ke rataye a kan abubuwa uku: hanyar kawo kwal, ruwan sanyaya injina, da layin da zai kwashe wutar. Tashar Sahiwal ta Pakistan, mai megawat 1,320, an kammala ta a 2017 cikin sauri, amma kwal ɗinta daga ƙasashen waje yake zuwa, a sauke shi a Karachi, sannan jirgin ƙasa ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 da shi, kuma wannan kuɗin dako yana shiga farashin wutar kullum. Tashar Medupi ta Afirka ta Kudu kuwa tana kusa da mahaƙar kwal, amma yankin Lephalale, inda take, ba shi da wadatar ruwa, don haka aka yi mata tsarin sanyayawa da iska, wanda ke rage wutar da ake samu. An fara ginin a 2007, ba a kammala na ƙarshe daga cikin rukunonin injinanta shida ba sai a 2021.

Hajiya Maryam:
Injiniya ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai a ganina tashoshin da Malam Habibu ke magana a kansu ba a wajen injiniyoyi suke mutuwa ba, a teburin masu ba da rance suke mutuwa. A irin wannan aiki masu tashar kan zuba kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari ne kawai daga aljihunsu, sauran duka bashi ne, kuma babu bankin da zai saki kuɗinsa sai ya ga yarjejeniyar sayen wuta ta shekara 20 ko 25, wadda a cikinta kamfanin da zai sayi wutar ya amince zai riƙa biyan wani kaso ko ya karɓi wutar ko bai karɓa ba, muddin tashar tana shirye. Idan wannan kamfani ba ya iya tattara kuɗinsa daga hannun masu amfani da wuta, sai a nemi gwamnati ta tsaya masa, wanda ke nufin bashin ya koma kan baitulmali. Ga kuma matsalar canji, domin rancen da dala ake biyan sa, alhali kuɗin wuta da kuɗin gida ake karɓarsa.

Game da janyewar bankuna, gaskiya ne. Bankin Duniya ya ba Eskom, kamfanin wutar lantarki na Afirka ta Kudu, rancen dala biliyan 3.75 a 2010, mafi yawansa domin Medupi, amma a 2013 ya taƙaita tallafa wa tashoshin kwal sai a yanayi na musamman. A 2021 Koriya ta Kudu da Japan sun yi alkawarin daina ba da kuɗin gwamnati ga irin waɗannan tashoshi a ƙasashen waje, sannan a watan Satumbar shekarar Shugaba Xi Jinping ya shaida wa babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa Sin ba za ta ƙara gina sabbi a waje ba. Rukuni na 7 da na 8 na tashar Hwange a Zimbabuwe, masu megawat 600, waɗanda suka fara aiki a 2023, da rancen Sin aka gina su, amma an ƙulla wannan yarjejeniya tun kafin alkawarin.

Malam Isa:
Ina so in ƙara abin da masu tsara aiki kan ɗauka a matsayin cika takarda, wato nazarin tasirin aikin ga muhalli da jin ra'ayin mazauna wurin. Tashar da aka shirya ginawa a Lamu ta Kenya, mai megawat 1,050, a nan ta tsaya, domin a watan Yunin 2019 kotun muhalli ta soke lasisinta bisa dalilin cewa ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba. Na'urar tace sulfa daga hayaƙi da wurin zubar da toka suna da tsada, kuma idan aka cire su daga kasafi domin farashi ya yi kyau a takarda, mutanen da ke shaƙar iskar wurin su ne za su biya da lafiyarsu.

Habibu:
Na gode ƙwarai. Amma Hajiya, Sin da Indiya har yanzu suna gina sabbin tashoshin kwal. Me ya sa su hanya ba ta rufe musu ba?

Hajiya Maryam:
Domin ba sa jiran kowa, Malam Habibu. Bankunansu na gida ne ke ba da rancen da kuɗin ƙasarsu, kamfanoninsu irin su BHEL a Indiya da Dongfang a Sin ne ke ƙera tukwanen tururi da injinan, kuma akasarin kwal ɗin daga mahaƙunsu yake fitowa. Ƙasar da ba ta da waɗannan ukun za ta ci bashi da kuɗin ruwa mai yawa, ta sha wahalar samun inshora, sannan ta jira shekara biyar ko fiye kafin wutar farko ta fito. Don haka idan aka sanar da sabuwar tasha, a duba ko an sa hannu kan yarjejeniyar sayen wuta, a kuma nemi sunan bankin da ya amince zai ba da rancen. Idan babu waɗannan biyu, aikin bai wuce matakin niyya ba.