Kilona 86 kuma ina da ciwon suga: in je a yi mini tiyatar rage tumbi?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah a sakaya sunana. Shekarata 39, yarana uku, malamar makaranta ce ni a Kano. Tsayina mita 1.62, nauyina kilo 86. Yau shekara uku ke nan da aka ce ina da ciwon suga. Ina shan metformin safe da dare, amma gwajin suga na wata uku da na yi kwanan nan ya nuna 8.1, likita kuma ya ce so ake ya sauko ƙasa da 7. Gwiwata ta dama ma ta fara damuna in zan hau bene.

Abin da ke hana ni barci shi ne mahaifiyata. Suga ce ta taɓa mata ƙoda, ni na yi jinyarta shekara biyu ana wankin ƙoda har Allah ya karɓi abarsa. Ba na son 'ya'yana su ga abin da na gani.

Na bar lemon kwalba, na rage tuwo, na sha shayin rage ƙiba kala-kala. Sau biyu ina sauke kilo 6, sau biyu yana dawowa har da ƙari. To akwai abokiyar aikina da ta je Masar aka rage mata tumbi, yanzu in kun gan ta ba za ku gane ta ba. Ta haɗa ni da wani mai shirya tafiyar, ya ce in na biya, cikin mako guda an yi an gama na dawo gida. Kuɗin sai na sayar da filin da na gada. Maigidana ya ce in don lafiya ne ba zai hana ni ba, amma a ganinsa ƙibata ba ta kai ta wuƙa ba. Ga shi kuma ina son ƙarin haihuwa ko da ɗaya ce. Masu sani, wannan aikin ya dace da mai ƙiba irin tawa, ko sai wanda ya wuce kilo ɗari?

Maman 'Yan Biyu:

Wa alaikumus salam. Haba 'yar'uwa, kilo 86 har wata ƙiba ce? Wasu nema suke da kuɗinsu. Ki riƙe zogale da tafiyar safe, kada ki bari a taɓa miki ciki. Allah ya jiƙan Mama, ya ba ki lafiya.

Likitan suga:

Malama, Allah ya jiƙan mahaifiya. Tambayarki tana kan hanya, kuma amsarta ta sauya a 'yan shekarun nan, shi ya sa za ki ji likitoci biyu sun ba ki amsa biyu.

Mu fara da lissafi. Awon da muke kira BMI, ana raba nauyi ne da tsayi sau tsayi. Naki 86 a raba da 2.62, ya ba da wajen 32.8. Daga 30 zuwa 34.9 shi ne matakin ƙiba na farko, 35 zuwa 39.9 na biyu, 40 zuwa sama na uku. Ke kina na farko.

A 1991 hukumar binciken lafiya ta Amurka ta kafa ƙa'idar da aka yi shekara talatin ana bi: tiyata sai mai 40, ko mai 35 da ke da ciwo irin suga ko hawan jini. Da wannan ƙa'idar, maigidanki ya yi gaskiya, ba ki shiga ba. Amma a 2016 manyan ƙungiyoyin ciwon suga na duniya suka amince a duba yiwuwar tiyata ga mai 30 zuwa 34.9 in sugarsa ta ƙi saituwa duk da an ba shi magani yadda ya kamata. A 2022 kuma ƙungiyar likitocin wannan tiyata ta Amurka da takwararta ta duniya suka sauko da ma'aunin: mai 35 ko ba shi da wani ciwo, mai 30 in yana da suga.

Ba haka kawai suka sauya ba. A asibitin Kilibland da ke Amurka an bi mutum 150 masu suga har shekara biyar, kusan kashi ɗaya cikin uku BMI ɗinsu bai kai 35 ba. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna waɗanda gwajinsu na wata uku ya sauko 6 ko ƙasa: kashi 29 cikin ɗari na waɗanda aka karkatar wa hanji (wato a ware 'yar jaka a saman tumbi a haɗa ta da hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin), kashi 23 na waɗanda aka rage wa tumbi, kashi 5 kacal na masu magani zalla. Tiyata ta fi magani nesa ba kusa ba. Amma ki sake duban alƙaluman. Ko a cikin waɗanda aka yi wa aikin, mafi yawansu ba su kai wannan matakin ba bayan shekara biyar. Sauƙi ake samu mai yawa, wasu su bar magani na shekaru, wasu kuma sugar ta dawo.

Inda nake so ki tsaya shi ne wannan sharaɗin na “duk da an ba shi magani yadda ya kamata”. Metformin kaɗai kike sha. Wannan matakin farko ne. Akwai magunguna biyu ko uku da ba a gwada miki ba, wasunsu suna rage nauyi, wasu kuma an tabbatar suna kare ƙoda, wadda ita ce fargabarki. Da a gabana kike, ba zan ce tiyata ta haramta gare ki ba, amma ba zan tura ki wannan watan ba.

Wadda aka yi wa aikin:

Ƙanwata, ni an yi mini, yau shekara huɗu. Kilona 108 a lokacin, tsayina 1.60, ina sallah a kan kujera, in na kwanta numfashina na ɗaukewa. Na sauko 74, yanzu ina 81. Ban yi nadama ba ko sau ɗaya, amma bari in faɗa miki abin da masu tallar ba sa faɗa.

Wajen kashi 80 cikin ɗari na jakar abincin ake yankewa a fitar, abin da ya rage kamar ayaba. Ba a mayar da shi. Mako biyun farko ruwa-ruwa kawai, romo da kunu tsararo, cokali-cokali. Wata na huɗu gashina ya dinga zuba, in na taje kai sai na yi kuka, ko da yake ya dawo daga baya. Ƙwannafi kuwa har yau ina shan maganinsa, abin da ban taɓa sani ba a da. Ba na haɗa ci da sha, sai na ba da tazarar rabin awa. Loma biyar ta tuwo ta ishe ni, in na ƙara ta shida sai amai. A gidan biki kowa ya sa miki ido, dangin miji su ce ko ciwo kike ɓoyewa. Kullum da ƙwayar bitamin da ta ƙarin jini da kalsiyam, ga allurar B12 lokaci-lokaci, kuma an ce har ƙarshen rayuwa. Shekara ta biyu na yi sakaci da su wata biyar saboda tsada, jinina ya yi ƙasa har ina ganin jiri a aji. Ni ma malama ce.

Ni ciwon da nake ciki ya fi wannan wahalar, shi ya sa cinikin ya yi mini riba. Ke da kike hawa bene da ƙafarki, ki auna da kyau.

Ma'aikacin jinya a Ingila:

Anti, ni maganar “mako guda an gama” ce ta tayar mini da hankali. A hannun ƙwararru aikin ba shi da haɗari sosai, mace-macensa bai wuce na cire madaciya ba. Amma matsala mafi muni, wato ɗinkin tumbin ya yi yoyo, tana iya bayyana bayan kwanaki, lokacin kin riga kin sauka a Kano. Zazzaɓi, bugun zuciya da sauri, ciwon kafaɗar hagu. Wa zai gane? Wa zai karɓe ki cikin dare? A 2023 BBC ta ruwaito cewa 'yan Birtaniya bakwai sun rasu tun daga 2019 bayan irin wannan tiyata a Turkiyya. Ba ina cewa babu ƙwararru a Masar ko Turkiyya ko Indiya ba, akwai su sosai. Amma duk wanda ya ce ki turo kuɗi kafin likitan da zai yi aikin ya ga gwaje-gwajenki, ya yi magana da ke, ya haɗa ki da masanin abinci, to kasuwa yake yi.

Sannan ga wani abu da ya shafe ki kai tsaye. A nan Birtaniya, Farfesa Roy Taylor na Nukasil da Farfesa Mike Lean na Gilasgo sun gwada masu sugar da ba ta wuce shekara shida ba. Aka sa su abinci na musamman mai kalori wajen 850 a rana na wata uku zuwa biyar, ƙarƙashin kulawar asibiti, sannan aka dawo da su abinci a hankali. Bayan shekara guda kashi 46 cikin ɗari sugarsu ta kwanta ba magani. Cikin waɗanda suka sauke kilo 15 ko fiye, kashi 86 ne. Taki sugar shekara uku ce, ba ki fara insulin ba. Ke ce irin mutanen da aka yi gwajin a kansu.

Likitan suga:

Gaskiya ne, amma a cika mata labarin. A shekara ta biyu adadin ya sauko kashi 36, kuma ya ci gaba da raguwa yayin da nauyi ke dawowa. Malama ta ce sau biyu tana saukewa yana dawowa, kuma wannan ba ragwanci ba ne. In nauyi ya sauka, jiki na ƙara yunwa ya rage ƙona abinci, yana neman komawa inda ya saba. Tiyata ta fi tasiri ne don tana taɓa wannan wurin, sinadaran yunwa da ƙoshi da ke fitowa daga tumbi da hanji suna sauyawa. Don haka kada a mayar da ita abin kunya ko hanyar malalata. Kuma kada kowa ya kama irin wancan tsarin abincin shi kaɗai a gida yana kan maganin suga ko na hawan jini.

Mai kemis:

Hajiya, tambaya ɗaya, kada ki ji haushi. Kin taɓa shan sha-ka-fashe, ko haɗin gyaran jiki, ko maganin ciwon gwiwa na masu talla a mota? Da yawansu akwai dexamethasone a ciki, yana kumbura mutum ya kuma tayar da suga. In akwai, ki kai wa likita kwalbar, kada ki yanke shi lokaci guda.

Allurar mako-mako kuma, irin Ozempic da Mounjaro, tana aiki. Mai suga kan sauke wajen kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa da semaglutide, wato sinadarin da ke cikin Ozempic, in an kai babban awo, ke kusan kilo 8 zuwa 9 ke nan. Aibinta tsada, da tashin zuciya a farko, kuma in an daina mafi yawan nauyin na dawowa. Akwai jabu a kasuwa, hukumar lafiya ta duniya ma ta yi gargaɗi a kai a 2024, kada ki saya a intanet. Mai neman ciki kuma dole ta daina semaglutide wata biyu kafin nan.

Ungozoma:

Kowa ya tsallake maganar haihuwa, ita ce kuwa ta fi gaggawa. Bayan tiyatar ana hana ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18, saboda lokacin jiki na zubar da nauyi, abin da jariri zai samu kaɗan ne. Shekararki 39. In an yi aikin bana, sai kin haura 40 za ki fara nema. In kuma kika ɗauki ciki yanzu da suga 8.1, akwai haɗari ga halittar jaririn a makonnin farko. Ko ta ina, sai sugar ta sauka tukuna. Ku zauna da maigida ku yanke wanne ne gaba, cikin ko aikin, sannan ki je wa likita da amsar.

Maman 'Yan Biyu:

To azumi fa? Mai loma biyar yaya za ta yi sahur?

Wadda aka yi wa aikin:

Shekarar farko likitana ya hana ni, na tambayi malami ya ce ina cikin marasa lafiyar da aka yi wa rangwame, na rama daga baya da sanyi. Yanzu ina yi. Wahalar ba yunwa ba ce, ƙishirwa ce, don ba na iya kwankwaɗar kofi guda a tashi ɗaya. Daga magariba zuwa asuba kurɓa nake da kaɗan-kaɗan, gora na gefen gado. Azumin da ya faɗo cikin zafin Afrilu ya ba ni wuya ƙwarai.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta sau uku, na kuma karanta wa maigida. Mai kemis, ka taɓo gaskiya: akwai wani haɗi da nake sha don gwiwa kusan wata takwas, ban taɓa faɗa wa likita ba don ban ɗauke shi magani ba. Zan tafi da shi ranar Litinin. Na ce wa mai shirya tafiyar ya dakata, filin ma na janye shi daga hannun dillali.

Likita, ban cire tiyatar daga raina ba, don abin da na gani a jikin mahaifiyata ba ya goguwa. Amma zan nemi a tura ni wurin likitan suga, a duba ƙodata da idona, a ƙara mini magani, in ba abin wata shida da gaske. In gwajin bai sauko ba, wane irin aiki ya fi dacewa da mai suga da ke yawan jin ƙwannafi? Ina da shi tun cikin ɗana na biyu, na manta ban faɗa ba.

Likitan suga:

Wannan da kika manta yana da muhimmanci. Rage tumbi kan ƙara ƙwannafi, don haka ga mai shi, kuma mai suga, likitoci sun fi karkata ga aikin karkatar da hanji. Shi kuma ya fi jawo ƙarancin jini da na bitamin, kuma bayansa ba a shan ibuprofen ko diclofenac saboda gyambon ciki, ga ki da ciwon gwiwa. Kafin a yanke komai sai an zura kyamara an duba maƙogwaro da tumbin. Ranar Litinin ki ce a haɗa miki da gwajin furotin a fitsari da na aikin ƙoda, ki kuma faɗa wa likitan cewa kina son ciki, don shi zai tantance maganin da za a ƙara miki.