Kalmar "mahauta" ta raba zauren 'yan Aboabo

Ɗan Aboabo: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya aka shiga da Innarmu tiyata a wani asibitin kuɗi nan Kumasi, ba wanda ya faɗa mata abin da za a yi mata. Takarda kawai aka miƙo ta dangwala yatsa. Na tambayi sunan likitan, nas ta ce in fita waje. Doka ta hana wannan! Wallahi mahauta ne, ba likitoci ba.

Hajiya Mai Koko: Allah ya ba ta lafiya, ɗana.

Baba na Mayanka: Yaro, janye kalmar nan. Shekara talatin ina fawa, ban taɓa kayar da sa ba sai da yardar mai shi. Mu ne abin zagi yanzu?

Ɗan Aboabo: Baba, ba da ku nake ba.

Baba na Mayanka: To da wa? Ranar sunan ɗanka wa ya feɗe maka ragon?

Malam Tica: Ku tsaya. Tun 2002 Hukumar Lafiya ta Gana ta fitar da takardar haƙƙin majiyyaci: a yi masa bayanin ciwonsa, ya san masu duba shi, ya nemi ra'ayin wani likita in ya so. Majalisar da ke ba likitoci lasisi tana karɓar ƙorafi, lasisin asibitin kuma HeFRA, hukumar da ke sa ido kan asibitoci, ce ke bayarwa. Ƙanena, rubuta ƙara.

Anti Nas: Kullum mu ne mugaye. Ka zo ka kwana tsaye a ɗakin marasa lafiya, sannan ka kira mu mahauta.

Baba na Mayanka: Au, ke ma zagi kika ɗauke ta?

Mai Giwa: Ku gode wa tsohon shugaban ƙasa Kufuor. Kafin inshorar lafiya ta 2003, ko jini kake zubarwa sai ka biya a taɓa ka.

Ɗan Asawase: Katin da za ka nuna a ce je kemis ka sayo magani? Rufa mana baki.

Mai Giwa: Da jam'iyyarku ta hau mulki me kuka gyara?

Shugaban zaure: Na rufe. Abin da na fahimta, kowa ya yarda an ci mutuncin sana'ar da ta ciyar da iyayenmu, har da nawa mahaifin, Allah ya jiƙansa. Ɗan Aboabo zai je Mayanka ya ba Baba haƙuri. Zancen doka kuma, Malam Tica ya tura masa ta gefe.